Sankarar huhu: Abin da masana suka gano game da yaɗuwarta a jiki

Sankarar huhu ta fi kowace irin sankara kisa a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa ta hallaka kimanin mutum miliyan 1.8 a 2022, galibi bayan ta bazu daga huhu zuwa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Masana na bin sawun wannan yaɗuwa a cikin RNA, sinadarin da ke isar da umarnin gado zuwa inda jiki ke ƙera furotin. Wani dogon nau'insa, lncRNA, ba ya ƙera furotin. Aikinsa shi ne kunna wasu ƙwayoyin gado ko kashe su.

A 2003, masu bincike a Jamus suka gano ɗaya daga cikinsu, MALAT1. Sun lura cewa cutar ta fi bazuwa a jikin majinyatan da ƙarinsu ke ɗauke da shi da yawa. A 2013 kuma, gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa daƙile shi na rage yaɗuwar.

Har yanzu binciken bai zama maganin asibiti ba, don haka gano cutar da wuri ne babbar kariya.

A unguwanni masu cunkoso kamar Karmo da ke Abuja, inda ake girki da itace da gawayi, akan ɗauki tari mai naci a matsayin mura ko tarin fuka. Likitoci na shawartar wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ko yake kakin jini, musamman mai shan taba, ya je asibiti. Idan gwajin tarin fuka bai nuna komai ba, ya nemi hoton ƙirji.