Kafin Ka Biya Kuɗin Yawo a Jirgin Ruwa: Wa Ya Fasa, Kai Ko Kamfani?

A 'yan shekarun nan tallan yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa ya shigo mana har cikin wayoyi. Kana zaune a rumfarka a Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal, sai ka ga an turo hoton jirgi mai hawa goma sha, an ce kwana bakwai, ci da kwana duk a ciki, ga ragi idan ka biya yau. Wasu daga cikin 'yan kasuwarmu da yaranmu masu aikin ofis sun fara tambaya: idan na biya kuma tafiyar ba ta yiwu ba, ina makomar kuɗina? Dokokin korona fa, suna nan har yanzu? Shi ya sa na ga ya dace in zauna in yi bayanin abin dalla-dalla.

Maganar da zan gina komai a kanta guda ɗaya ce. Tikitin jirgin nan yarjejeniya ce, kuma abin da za ka samu idan tafiya ta lalace ya dogara ne kan wanda ya fasa. Idan kamfani ne, kana da haƙƙi. Idan kai ne, za a yanke maka gwargwadon kusantar ranar tashi. Idan kuwa an hana ka shiga saboda takardunka ba su cika ba, to a wurinsu kai ne ka fasa, kuma a mafi munin lokaci.

Yadda ake biya

Da farko a sani cewa waɗannan manyan jiragen ba su da tashi na yau da kullum daga Apapa. Sai ka hau jirgin sama ka je inda suke ɗaukar fasinja: Dubai, Basalona a Sifen, Jenowa a Italiya, Daban a Afirka ta Kudu, ko Miyami a Amurka. Wato tafiya biyu ka saya, ta sama da ta ruwa, kuma sau da yawa kamfanoni biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Kuɗin na ruwan kashi biyu ake biyansa. Akwai kafin alƙalami da ake bayarwa ranar kama ɗaki, sai cikon da ake biya wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiyar. Kafin alƙalamin ma iri biyu ne: wanda ake maido maka idan ka janye da wuri, da wanda ba ya dawowa. Tikitin da ya fi araha galibi na biyun ne. Ka ga ke nan araha ba ta ado. Ka tambayi wakilin da ke sayar maka wanne ne naka, kuma ya rubuta maka amsar.

Sannan farashin da ke kan talla ba shi ke nan ba. Akwai harajin tashoshi, akwai tukuicin ma'aikata da yawancin kamfanoni ke ɗorawa kowace rana a kan kowane fasinja, akwai kuɗin intanet, da na lemo, da na zagaya gari idan an yada zango.

Idan kai ne ka fasa

Kowane kamfani yana da jadawalin yanka. Tsarin dai kusan iri ɗaya ne: idan da sauran watanni, kafin alƙalami kawai za ka rasa, ko ma a ba ka abinka. Da an wuce ranar cikon kuɗi sai yankan ya riƙa hawa, rabi, kashi uku cikin huɗu, har a makonnin ƙarshe ya zama babu ko sisi. Rashin lafiya, rasuwa a gida, ko ofishin jakadanci ya riƙe maka fasfo, duk jadawalin bai san da su ba. Abin da ke iya ceton mutum a nan shi ne inshorar tafiya, ita ma sai wadda ta ambaci fasa tafiya ƙarara.

A lokacin korona an yi sassauci na musamman. Royal Caribbean, alal misali, ya bar fasinja ya janye har saura awa 48 a tashi, a ba shi takardar wata tafiya a gaba. Wannan rangwamen na wancan lokacin ne, an riga an rufe shi. Kada wani ya sayar maka da tikiti yau da labarin 2020.

Idan kamfani ne ya soke

A nan ne darasin annoba ya fi yawa. A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, sama da 700 suka kamu. Ranar 14 ga Maris na shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana manyan jiragen yawo tashi daga ƙasar. Sai ƙarshen Yunin 2021 babban jirgi na farko, Celebrity Edge, ya sake tashi daga Fulorida da fasinjojin da suka biya. Wata goma sha biyar ke nan.

Me kamfanoni suka yi da kuɗin mutane? Da yawa sun ba da zaɓi biyu: ko a maido maka kuɗinka cif, ko a ba ka takardar wata tafiya mai darajar kashi 125 cikin ɗari na abin da ka biya. Waɗanda suka biya kujerar Hajjin 2020 sun san irin wannan zaɓin, ko ka karɓi kuɗinka ko ka bar su zuwa baɗi. Ƙarin kashi 25 ɗin yana da daɗin ji, amma takardar tana da wa'adi, kuma darajarta na nan ne muddin kamfanin yana da rai. Pullmantur na Sifen ya durƙushe a Yunin 2020, Cruise & Maritime Voyages na Ingila ya bi shi a Yuli. A farkon 2022 Crystal Cruises ya faɗi, har wani jirginsa, Crystal Symphony, ya karkata zuwa Bahamas maimakon Miyami saboda kotu ta ba da umarnin kama shi kan bashin mai. Masu riƙe da takarda suka shiga layin masu bin bashi. Ni dai a ganina ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Idan kamfani ya soke, ka karɓi kuɗi, sai fa idan ka riga ka tsayar da ranar wata tafiyar kuma bizarka za ta kai.

Doka ma tana gefenka a wasu wuraren. A Tarayyar Turai, idan ka sayi tafiya a dunƙule daga kamfanin can kuma shi ya soke, dokarsu ta 2015 ta ce a maido da kuɗi cikin kwana 14. A Amurka, hukumar kula da sufurin ruwa ta fito da ƙa'ida a 2022 cewa sokewa ko jinkirin kwana uku zuwa sama na ba fasinjan da zai tashi daga tasharsu damar neman kuɗinsa. Amma ka lura, wannan haƙƙin yana bin wanda sunansa ke kan rajistar kamfanin. Saboda haka da ka biya wakili a Legas, ka nemi lambar rajistarka, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka daidai da na fasfo, ka ga nawa ne ya isa hannunsu. Rasit na wakili kaɗai bai wadatar ba.

Ga kuma wata matsala tamu ta gida. Tikitin da dala ko yuro ake lissafa shi, kai kuma naira ka bayar. A farkon 2020 dala tana wajen naira 360, a 2024 ta haura 1,500. 'Yan canjinmu sun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi. Tun ranar biya ku rubuta da wakili: idan aka maido da kuɗi, da wane kuɗi za a ba ni, kuma a farashin wace rana?

Wani abu da mutane ba su sani ba: canza hanya ba sokewa ba ce. Yarjejeniyar ta ba kyaftin ikon tsallake tasha saboda guguwa, yaƙi ko annoba, kuma abin da aka saba maidowa harajin tashar ne kawai. A 2024 kamfanoni da dama sun janye jiragensu daga Bahar Maliya saboda hare-haren 'yan Huthi na Yaman. Idan gari ɗaya tak kake son gani, jirgin ruwa ba shi ne hanyar da ta fi tabbas ba.

Idan an hana ka shiga

Wannan ita ce ta fi cin ɗan Najeriya, kuma ba a cika faɗinta a talla ba. Jirgin yana shiga ƙasashe da dama, kowace da dokarta a kan koren fasfo. Tafiyar da ta tashi daga Italiya ta leƙa Tunisiya ko Turkiyya ta dawo, tana buƙatar bizar Shengen mai shiga sau da yawa, ban da abin da ƙasashen tsakiyar za su nema. Wadda ta tashi daga Siyatil zuwa Alaska takan tsaya a Kanada, kuma ana neman bizar Kanada ko da ka rantse ba za ka sauka ba. Fasfo kuma yawanci sai da sauran wata shida a kansa bayan ranar dawowa. Ma'aikacin da ke bakin tasha ba ya jin roƙo. Takarda ɗaya ta gaza, jirgi ya tafi, kuɗi ya tafi.

Haka yake idan jirgin samanka ya makara, ko aka rufe hanya. Mu tuna cewa filayen jiragenmu sun kasance a rufe ga zirga-zirgar ƙasashen waje daga ƙarshen Maris har 5 ga Satumban 2020. A Disambar 2021 kuma, da nau'in Omikron ya ɓulla, Ingila ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga, na kwanaki kaɗan. Wanda jirginsa zai tashi daga Sawutamton a wannan makon, jirgin bai soke ba, shi ne bai zo ba. Don haka ka isa garin tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, kuma ka sayi tikitin sama wanda ake iya sauya masa rana.

Dokokin lafiya, da da yanzu

Da aka fara komawa ruwa, abin ba wasa. MSC Grandiosa ya tashi daga Jenowa a Agustan 2020, ana yi wa kowa gwaji a bakin tasha, kuma ba a sauka gari sai cikin ayarin kamfani. Wani iyali da suka ɓalle daga ayari a Nefuls, ba a bar su sun koma jirgi ba. Daga baya shaidar riga-kafi ta zama sharaɗi a yawancin kamfanoni. Sai aka riƙa sassautawa: CDC ta rufe shirinta na korona na jiragen ruwa a Yulin 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta janye dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayun 2023. Manyan kamfanoni sun daina neman gwaji da katin korona a tafiye-tafiyensu na yau da kullum.

Amma abubuwa huɗu suna nan daram. Na farko, katin riga-kafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake samun cutar, kuma ƙasa irin Afirka ta Kudu tana neman katin daga duk wanda ya fito daga wajenmu. Ana yin sa a ofishin lafiya na tashoshi, yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Ka yi na gaskiya, ka bar na bayan fage.

Na biyu, kamfani na da ikon hana mai zazzaɓi ko gudawa shiga, da ikon killace fasinja a ɗakinsa. Cutar amai da gudawa ta norobairos ta daɗe tana addabar jiragen nan tun kafin korona. CDC takan bayyana ɓarkewa idan kashi 3 cikin ɗari na fasinjoji ko ma'aikata suka kamu.

Na uku, mai juna biyu. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar matar da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, jariri kuma sai ya kai wata shida, a doguwar tafiya shekara ɗaya. Masu shirin kai amarya, ku lissafa wannan idan tafiyar sai bayan watanni.

Na huɗu, asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, da dala. Idan ciwo ya yi tsanani sai a sauke mutum a tasha mafi kusa, kuma kuɗin asibitin can da na komowa gida a wuyansa suke. Inshorar da aka saya don neman biza ba lallai ta rufe wannan ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tabbatar an rubuta ciwonsa a cikin inshorar, ya kuma riƙe maganinsa a jakar hannu cikin kwalinsa na asali.

Sharaɗin lafiya kuma zai iya canzawa bayan ka biya, domin yarjejeniyar ta ce dokar ranar tashi ce ke aiki. Ka duba shafin kamfanin ranar biyan ciko, ka sake dubawa saura mako biyu.

Shawarata

Ba ina hana kowa tafiya ba ne. Wanda Allah ya hore masa, ganin duniya ilimi ne, kuma yanzu har akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, wanda babu giya ko gidan caca a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne a bi abu daki-daki. Ka fara rubuta sunan kowace tasha da jirgin zai tsaya, ka binciki bizar kowace. Ka kama ɗaki da kafin alƙalamin da ake maidowa, ka nemi biza da takardar, kada ka biya ciko sai fasfo ya dawo hannunka da hatimi. Ka sayi inshora tun da wuri. Ka ajiye kwafin yarjejeniya da jadawalin yanka a wayarka. Idan wakili ya ce maka ragin na yau ne kaɗai, babu lokacin karatu, ka ce masa ka gode. Jirgi wani yana tafiya wani yana zuwa, amma kuɗin da ka tara a kasuwa ba haka suke dawowa ba.

Allah ya tsare mana dukiya da lafiya, ya kai kowa gida lafiya.