Gardamar matuƙan jirgin sama da masu tuƙa shi a kwamfuta

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, mun rubuto shi saboda wanda bai samu saurare ba.

Wataƙila ka taɓa ganin ɗanka ko ƙanenka ya duƙufa kan waya ko kwamfuta, ga hoton ɗakin matuƙin jirgin sama a gabansa, agoguna birjik, yana ta danne-danne, can sai ka ji ya ce ya sauka a Tamale. Wannan abin shi ake kira simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi. Wanda ya fi shahara shi ne Microsoft Flight Simulator, wanda ya fara fitowa tun 1982. Wanda aka fitar a 2020 kuwa, da hotunan tauraron ɗan Adam aka zana duniya baki ɗaya a cikinsa, har mutum zai iya tashi daga Tamale, ya bi ta kan Yendi, ya ga Oti a ƙasansa, ya nufi Mango a Togo, alhali yana zaune kan tabarma. Masu wannan sha'awa suna da yawa a duniya, kuma ba duka ne yara ba, akwai dattawa da furfurarsu. To, tsakaninsu da matuƙan jirgi na gaske akwai 'yar tsama da ta daɗe. Su masu kwamfuta suna ganin an raina saninsu. Matuƙa kuma haushinsu shi ne wanda bai taɓa barin ƙasa ba ya riƙa yi musu gyara.

Kafin ka goyi bayan matuƙa, ka san cewa su ma da wannan na'ura ake horar da su. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ne ya ƙera ta farko da ta karɓu, a 1929, da zugazugi irin na kayan kiɗan da mahaifinsa ke ƙerawa. Da farko ma wuraren wasa ne suka riƙa sayenta, mutane su biya kuɗi su hau don nishaɗi. Sai a 1934, bayan matuƙan sojan Amurka da dama sun mutu wajen jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi, sojan suka sayi guda shida. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙa sama da 500,000 ne suka koyi aiki a cikinta. Yau kuwa, matuƙin babban jirgin fasinja, komai daɗewarsa a aiki, sai ya koma cikin simuleta an jarraba shi, galibi duk wata shida. A nan ake kashe masa inji da gangan, a kunna masa gobara, a turo masa hadari, a ga abin da zai yi.

Sai dai ita wannan ta kamfanonin jiragen sama, ɗaki ce guda da aka ɗora kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, tana karkata, tana girgiza, kowane maɓalli yana inda yake a jirgin gaske, kuɗinta miliyoyin daloli, kuma sai hukuma ta duba ta sa hannu kafin a yi aiki da ita. Ga malami zaune a baya yana rubuta kowane kuskure. Ta cikin waya da wannan, suna ne kawai ya haɗa su.

Masu kwamfuta suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Wanda ya shekara biyar yana wannan abu zai iya faɗa maka aikin kowane agogo a ɗakin matuƙi, ya san yadda ake karanta taswirar sauka, ya san irin Turancin da ake yi da ma'aikatan hasumiya. Malaman tuƙi da yawa sun yarda cewa irin wannan ɗalibi yakan riga 'yan'uwansa fahimtar karatu. Suna kuma kawo labarin Richard Russell, ma'aikacin ƙasa a filin jirgin Seattle na Amurka, wanda ba shi da lasisin tuƙi, amma ranar 10 ga Agusta 2018 ya ɗauke jirgi mai farfela biyu samfurin Q400, irin wanda ke jigila tsakanin Ankara da Tamale, ya yi sama da awa ɗaya yana shawagi har da juyi a sama. Ya gaya wa ma'aikatan hasumiya cewa ya ɗan taɓa wasannin kwamfuta. Amma wanda zai ba da labarin nan ya kamata ya ƙarasa shi: an yi ta lallashinsa ya sauka, bai gwada ba, jirgin ya faɗi a wani tsibiri, ya mutu.

Akwai kuma na Darren Harrison, fasinjan da bai taɓa koyon tuƙi ba, wanda a watan Mayu 2022 matuƙin ƙaramin jirgin da yake ciki ya suma, shi kuma ya sauke jirgin lafiya a Palm Beach ta jihar Florida. Gaskiya ne. Amma jirgin ƙarami ne mai inji ɗaya, da rana tsaka ne, kuma ma'aikacin hasumiyar da ke gaya masa abin yi ta rediyo, Robert Morgan, shi kansa malamin tuƙin jirgi ne. Duk da haka irin waɗannan labarai suna kumbura wa mutane kai. Da kamfanin jin ra'ayi na YouGov ya tambayi Amurkawa a farkon 2023 ko za su iya sauke jirgin fasinja in ana ba su umarni ta rediyo, kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce zai iya. A cikin maza kuwa, saura kaɗan su kai rabi. Mu maza dai, Allah Ya shirye mu.

To me matuƙa ke cewa? Abu na farko jiki ne. Kai da ka saba ƙetare Oti da shanu a damina, ka san akwai abin da ƙafarka ke gaya maka game da ƙarfin ruwa tun kafin idonka ya gani. Haka matuƙi yake jin jirgi a bayansa da cinyoyinsa da nauyin sitiyari a hannunsa. Mai kwamfuta ba shi da wannan, shi ya sa yake kafa wa agoguna ido, kuma babban ƙorafin malamai ke nan: in ya shiga jirgin gaske sai ya manta da leƙa waje, inda sauran jirage da tsuntsaye suke. Abin mamaki, akwai ranar da shi wannan jikin ke yaudarar mai shi. In jirgi ya shiga gajimare ko hazo mai kauri, irin na hunturu da kan sa a soke tashin jirage a Tamale, abin da ke cikin kunnen mutum mai gaya masa ina ne sama ina ne ƙasa sai ya rikice. Matuƙi ya ji kamar a miƙe yake alhali jirgi ya karkata. A ranar, dole ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogo. Wannan ma sai wanda ya taɓa jin jikinsa na yi masa ƙarya ne zai san wuyarsa, kujerar ɗaki ba ta koyar da shi.

Abu na biyu shi ne lokaci da tsoro, kuma a nan ne na fi son ka tsaya. Ranar 15 ga Janairu 2009 wani jirgi ƙirar Airbus A320 ya tashi daga filin LaGuardia a birnin New York da mutum 155. Bai yi nisa ba ya ci karo da garken dinya, injinan biyu duka suka mutu. Kyaftin Chesley Sullenberger, mai awa sama da 19,000 a sama, ya auna ya ga ba zai kai filin jirgi ba, sai ya kwantar da jirgin a kan kogin Hudson. Daga karo da tsuntsayen zuwa taɓa ruwa, kimanin minti uku da rabi ne. Babu wanda ya mutu. Da masu bincike suka zo, sai suka sa ƙwararrun matuƙa a simuleta aka maimaita abin. A gwaji 15, sau 8 an samu komawa filin jirgi lafiya. Ka ga kamar kyaftin ya yi kuskure ke nan. Amma su waɗancan sun san abin da zai faru tun kafin ya faru, tsuntsaye na bugu suke juya jirgi. Sai aka ce a jira daƙiƙa 35 tukuna, gwargwadon lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane me ya same shi, ya gwada tayar da inji, ya yanke shawara. Da aka yi haka, jirgin bai kai fili ba. Masu binciken suka tabbatar da cewa shawarar kyaftin ita ce daidai. In simuleta ta miliyoyin daloli, da matuƙan gaske a ciki, sai da aka yi mata wannan gyara kafin ta faɗi gaskiya, ina ga ta cikin ɗaki, wadda in ka faɗi sai ka danna maɓalli ka sake?

A ganina matuƙan ma suna da nasu laifi. Wasunsu na yi wa yaran nan kallon raini, alhali da yawa daga cikin matasan matuƙa na yau ta wannan wasa sha'awar ta shige su. Yaron Chereponi ko Bawku da ya koya wa kansa karanta taswirar sauka ta waya, ƙarfafa masa gwiwa ya kamata a yi. Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne a yi hatsari, gawarwaki ba a ma binne ba, wani ya kunna kwamfuta ya fito yana cewa matuƙi ne ya yi sakaci.

Wannan ya kawo mu inda abin ya shafe ka kai tsaye. Hotunan simuleta yanzu sun yi kyau har ana tura su a WhatsApp a matsayin gaskiya. A watan Fabrairu 2022, farkon yaƙin Rasha da Yukiren, wani bidiyo ya zaga duniya wai matuƙin Yukiren ne ke kakkaɓo jirgin Rasha, ashe daga wasan Digital Combat Simulator aka ciro shi. Tun 2016 alhazanmu na arewa ke tashi daga Tamale, saboda haka in lokacin aikin Hajji aka turo maka bidiyon jirgi yana faɗuwa, kada ka tura wa kowa, kada ka kai wa tsohuwar da ɗanta ke hanya. Duba ka gani: kyamarar na bin jirgin a sama ba girgiza, kamar mai ɗauka yana tashi kusa da shi? Wa ya ɗauka, daga ina? Jira ka ji daga rediyo.

Sai kuma mahaifin da ɗansa ya zo masa da cewa ya riga ya iya, a sayar da shanu a kai shi makarantar tuƙi. Awannin da ya yi a kwamfutar gida, ko dubu ne, babu hukumar da za ta lissafa masa ko ɗaya. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, lasisin farko na tuƙin ƙashin kai yana buƙatar awa 40, kuma abin da za a yafe masa na simuleta bai wuce awa 5 ba, shi ma sai a na'urar da hukuma ta amince da ita, gaban malami. Lasisin da ake ɗaukar mutum aiki da shi yana buƙatar kimanin awa 200, na zama kyaftin a babban jirgin fasinja kuwa 1,500. Kowace awa kuɗi ce, kuma mai yawa.

Kafin saniya ko ɗaya ta bar garke, a fara kai shi gwajin lafiya na matuƙa wurin likitan da hukuma ta yarda da shi, a duba ido da kunne da zuciya, da ko yana bambance launuka, don akwai masu ƙoƙari da a nan tafiyarsu ke tsayawa. Sannan a tambayi hukumar ƙasar da makarantar take ko tana da rajista: GCAA a Ghana, ANAC a Togo, NCAA a Najeriya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya take tun 1964. A biya kuɗi a asusun makaranta, a karɓi rasit, ban da hannun dillali. In da hali, a biya masa awa ɗaya tak tare da malami a ƙaramin jirgi tukuna, a ga yadda cikinsa zai yi in iska ta ɗaga su ta saki.