Moton shiga daji: mai 125 ko mai 200?



Bayan kaka, in an sayar da wake da gujiya, ko masu albasa sun kwashe tasu, mutane da yawa sukan fara shawarar sayen moto. Wanda gonarsa ke nesa da gari, da sakataren ƙungiya mai zagaya ƙauyuka, da mai kai maganin dabbobi rugage, duk buƙatarsu ɗaya ce: abin hawa da zai bar kwalta ya shiga turba. In ka je wurin masu sayarwa, iri biyu za a fi nuna maka, mai lamba 125 da mai lamba 200. Za a ce maka babban ya fi ƙarfi. Gaskiya ne, amma akwai sauran magana. Kuɗin moto kuɗin noman shekara ne, wani ma sai ya haɗa da sa ko tumaki. In zaɓen bai yi daidai ba, shekaru za ka yi kana biya. Saboda haka mu zauna mu yi lissafi tun kuɗin na aljihunka.

Me lambar ke nufi?

A cikin inji akwai wani bututun ƙarfe da ake kira silinda, inda fistan ke hawa da sauka. Lambar 125 ko 200 awon cikin wannan wuri ne. In aka raba lita ɗaya kashi 1000, injin farko yana da 125, na biyu yana da 200. Ke nan 125 kashi ɗaya ne cikin 8 na lita, 200 kuwa kashi ɗaya cikin 5. Ciki mai faɗi ya fi zuƙar iska da mai a kowane bugu, don haka ya fi ƙarfin ja, ya kuma fi ci. Injin 125 yakan ba da ƙarfin doki 10 zuwa 12. Na 200 yakan ba da 14 zuwa 16.

Wannan lissafi na inji mai bugu huɗu ne, wanda ake zuba wa baƙin mai a ciki, a juye shi lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma mai bugu biyu, wanda ke ƙona baƙin mai tare da isansi, yana hayaƙi shuɗi, kamar tsohon Yamaha DT 125 da ma'aikatan gona suka daɗe suna hawa. Irin wannan 125 ɗin, ƙarfinsa ya kusa na 200 mai bugu huɗu, amma ya fi shi shan mai. Kada ka gwada su da lamba kawai.

Kada kuma ka dogara ga takardar da aka manna a jikin tanki, kowa yana iya manna ta. Duƙa ka karanta rubutun da aka buga a ƙarfen injin. A yawancin injunan ƙasar Sin, harafin da ke bin FM shi ke faɗin girma: FMI 125 ne, FMJ 150, FML 200, FMM 250. In tanki ya ce 200, inji ya ce FMJ, to injin za ka gaskata.

Wace ƙasa za ka bi?

Wannan ita ce tambaya ta farko, don ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce.

In hanyarka geza ce, ko jan ƙasa, ko turbar da amalanke ya daddage, 125 ya ishe ka. A irin wannan hanya ba ka da inda za ka yi amfani da ƙarfin 200, don ramuka da shanu da yara ba za su bar ka ka wuce kilomita 50 ko 60 a awa ba.

In kana jigawa mai rairayi mai zurfi, kamar wajen Dakwaro, Mayahi, Tanut ko Gure, maganar ta sake. Rairayi yana riƙe taya, yana cinye ƙarfin inji. Mai 125 yana wucewa, amma da giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na kuka iyakar ƙarfinsa. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su. In moto na tafiya a hankali, inji na gudu da ƙarfi, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, sai inji ya yi zafi fiye da kima, baƙin mai ya tsinke, kuloci ya ƙone. A nan 200 ya fi samun sauƙi, don yana yin aikin ba tare da an matse shi har ƙarshe ba. Wanda rabin tafiyarsa ta kullum cikin irin wannan rairayi take, yana da hujjar sayen babba.

In kana ƙasar Adar, wajen Keita, Buza da kwarin Majiya, duwatsu ne da hawa da gangara. A nan abin da ya fi muhimmanci shi ne tsayin cikin moto daga ƙasa, da farantin ƙarfe mai kare ƙasan inji, da birki mai kyau. Mutum ɗaya ba kaya, 125 yana hawa. Da goyo da kaya, 200 ya fi.

In kana fadama, bakin Gulbin Maraɗi ko yankin Korama, da damana laka za ka sha. A cikin laka, moto marar nauyi ya fi mai ƙarfi amfani. Ƙarfi mai yawa juya taya kawai yake yi a wuri ɗaya, ya ƙara haƙa rami. Kuma kowane irin moto ne gare ka, kada ka shiga ƙorama tana gudu. Ruwan da ya kai gwiwa yana iya tafiya da kai da moton, in kuwa inji ya zuƙi ruwa, gyaransa mai tsada ne.

Me za ka ɗauka?

Mutane da yawa na son 200 don su riƙa ɗora buhuna. A nan akwai kuskure babba. Girman inji ba ya ƙara wa ƙashin moto ƙwari, ba ya ƙara wa wayoyin taya ko birki ƙarfi. Kowane moto yana da iyakar nauyin da aka rubuta a littafinsa, kuma a irin waɗannan babura iyakar takan tsaya wajen kilo 150, har da mai tuƙi. In nauyinka kilo 70 ne, ka ɗora buhun takin zamani mai kilo 50, kun zama 120, babu laifi. In ka ƙara buhu na biyu, 170 ke nan, ka wuce iyaka. Buhun hatsi mai kilo 100 ma haka. Injin 200 zai ja kayan, amma gaban moto zai yi sauƙi, kan zai riƙa rawa cikin rairayi, birki ba zai tsayar da kai inda kake so ba. Jigilar amfanin gona aikin amalanke ne da moto mai ƙafa uku.

Za ka iya ɗaga shi?

A daji kowa na faɗuwa, gwani da ɗan koyo. Moton daji mai 125 yakan kai kilo 110 zuwa 120. Mai 200 yakan ɗara haka, mai 250 kuwa yana iya kai 140. Yi gwaji biyu kafin ciniki. Hau ka zauna: ƙafafunka biyu suna taɓa ƙasa? Sa'an nan a kwantar da shi a hankali, ka ɗaga shi kai kaɗai. In a tsakar shago ka sha wuya, ka tuna da rana tsaka cikin rairayi, ba kowa kusa. In ƙanenka ko ɗanka zai riƙa hawa, da shi za a yi gwajin. Ɗan koyo ya fara da 125, don in hannunsa ya murɗa mai ba shiri, ƙaramin inji ya fi yafiya.

Kuɗin mai

A 2024 gwamnati ta mai da litar isansi sefa 499 a gidan mai. Mu ɗauka dala ɗari, wato sefa 500, don sauƙin lissafi. A ce kana yin kilomita 40 a rana, kwana 25 a wata. Kilomita 1000 ke nan. A ce 125 na shan lita 2 da rabi a kilomita 100, shi kuwa 200 lita 3 da rabi. Na farko zai sha lita 25 a wata, na biyu 35. Bambancin lita 10 ne, jika 5 a wata, jika 60 a shekara. Wannan misali ne. Kai auna naka: cika tanki, rubuta kilomita, in ka sake cikawa ka duba. Amma ka ga yadda ƙaramin bambanci ke taruwa ya zama kuɗin iri da taki.

Ka tuna kuma mai ba kullum yake samuwa ba. Bayan Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya yi tsada, a 2025 kuma an sha dogon layi a gidajen mai. Ranar ƙarancin mai, wanda motonsa bai cika sha ba shi ke isa gida.

Wa zai gyara maka?

Wannan tambaya ta fi ta ƙarfi nauyi. A 1975 kamfanin Honda ya fito da injin CG 125, wanda aka yi musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, gyara kuma ba ya samuwa a kan lokaci. Kamfanoni da yawa na ƙasar Sin sun kwaikwayi wannan inji, shi ya sa kayan gyaran 125 suka cika kasuwannin ƙauye, makanikai kuma sun san cikinsa. Kayan 200 na manyan kamfanoni sau da yawa sai Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. In moto ya tsaya maka a tsakiyar shuka, ka yi kwana goma kana jiran ƙarfe ɗaya, ƙarfinsa bai amfane ka ba.

Kafin ka saya, je wurin makaniken kasuwarku ka tambaye shi: kana da fistan ɗin wannan? Kana da farantan kuloci da sarƙarsa? Nawa ne? Ka kuma tambaya ko moton mai kafireta ne. Sababbin manyan babura da yawa na'ura ce ke fesa musu mai. Suna da tsimin mai, amma ba sa jure man kwalba mai datti, kuma ba a gyara su a gindin bishiya.

Abin da ya fi lamba muhimmanci

Kamfanin Yamaha ya yi wa manoman Ostiraliya da Niyuzilan wani moto mai suna AG 100 a 1973, daga baya ya ƙara AG 200. Na farkon bai ma kai 125 ba, amma ya yi suna a aikin gona. Abin da ya sa: giyarsa ta ɗaya mai ja ce ƙwarai, sarƙarsa a rufe take ƙura ba ta samun ta, yana da wurin ɗora kaya gaba da baya. Darasin a nan shi ne, shirin moto ke sa ya zama na daji. Moton kabu-kabu mai 125 da moton daji mai 125 lambarsu ɗaya, aikinsu daban. Na daji yana da babbar tayar gaba, yawanci inci 21, da taya mai gurzau-gurzau, da doguwar ƙafa mai shanye gargada.

In 125 gare ka, ga yadda za ka ƙara masa amfani:

1. Sa a canza maka farantin haƙora na baya, wanda sarƙa ke hawa, da mai ƙarin haƙora 3 ko 4. Gudu zai ragu, ja zai ƙaru. Wataƙila sai an ƙara tsawon sarƙa.
2. A rairayi rage iskar taya kaɗan. Kada ka rage da yawa, don tayar na iya zamewa ta tsinke bakin tib. In ka hau hanya mai tauri, mayar da iskar.
3. Wanke matatar iska akai-akai, musamman da hunturu. Ƙurar da ta shiga silinda kamar dutsen wasa take ga fistan.
4. Juye baƙin mai da wuri, kada ka jira ya yi baƙi ƙirin. Tace man kwalba da ƙyalle mai tsabta.
5. Tafi da famfo, da kayan faci, da filogi na ajiya. Ƙayar aduwa ba ta san 125 ko 200 ba.
6. Cikin rairayi ja jikinka baya, riƙe mai daidai, kada ka damƙe birkin gaba.

Kafin ka miƙa kuɗi

In na hannu ne, taɓa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar. Dubi hayaƙi: shuɗin hayaƙi daga inji mai bugu huɗu alama ce ya gaji. Dubi wayoyin taya, dubi ko ƙafafun gaba na yoyon mai. Gwada lambar da ke jikin moto da ta takardun duwan da katin moto, kada ka sayi na sata ka sayi rigima. Ware kuɗin hular kwano cikin cinikin. A 2015 an hana hawan babura a jihar Difa, a 2020 kuma a sassan jihar Tilaberi, saboda tsaro. In tafiya ta kai ka yankin da ke cikin dokar ta-ɓaci, tambayi hukuma kafin ka tashi.

Shawararmu

Sayi 125 in hanyarka mai tauri ce ko gauraye, kai kaɗai kake hawa ko da kaya kaɗan, kuma makaniken ƙauye ne zai riƙa duba maka.

Sayi 200 in abubuwa huɗu sun haɗu: rairayi mai zurfi ko hawan dutse kullum, goyo ko doguwar tafiya, ƙarfin ɗaga shi kai kaɗai, da tabbacin kayan gyara kusa da kai. In ɗaya ya ɓace cikin biyun ƙarshe, koma ga 125.

In kuɗinka sun isa sabon 125 ko tsohon 200 da ba ka san tarihinsa ba, ɗauki sabon 125. Abin da ya rage ka ajiye don taya, mai da gyara. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wanda ke da tambaya ya kai ta ga malamin gona na yankinsa, za a amsa a shirin manoma. Allah ya kiyaye hanya.