Almakashin ƙwayar masassara da ake aunawa da haske

Da zarar damina ta kankama, gidajen likita na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji sai su cika da yara masu masassarar cizon sauro. Maganin da ake ba su haɗin artemeter ne da lumefantirin, wanda jama'a suka fi sani da Coartem: sha 6 cikin kwana 3. A da Nivaquine ake sha, har ƙwayar cutar ta saba da shi, Nijar ta sauya magani a 2005. Shin na yanzu ma haka zai ƙare? Wani sashe na amsar yana ɗakin bincike, wurin auna aikin wani ɗan almakashi.

A cikin ƙwayar halitta akwai wani ƙaramin furotin mai suna ubikitin. Tambari ne, kamar wanda ɗan kasuwa yake buga wa buhu: furotin ɗin da aka liƙa wa shi, ko a rushe shi, ko a kai shi wani wuri. Gano wannan tsari ya ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel a 2004. Akwai kuma anzim masu yanke tambarin. Jikin ɗan Adam yana da kusan iri 100, ƙwayar masassara ma tana da nata.

Ido ba ya ganin yankan, don haka masana suka yi dabara. Sukan ɗaura wa wutsiyar ubikitin wani sinadari, AMC, wanda haskensa dushe yake muddin yana ɗaure. Sai a zuba shi tare da anzim a faranti mai ramuka 96. Duk yanka ɗaya yakan saki AMC ɗaya, shi kuwa sai ya ba da shuɗin haske idan na'ura ta haska shi. Na'urar tana ƙidaya minti bayan minti, kuma saurin hauhawar hasken shi ne ƙarfin almakashin. Dole a bar wani rami babu anzim, in ba haka ba lissafin banza ne.

Ga inda zancen ya shafi Maraɗi. A 2020 masana a Hambug ta Jamus suka nuna cewa wani almakashin ƙwayar masassara, UBP1, yana cikin masu taimaka mata haɗiye abin da ke cikin jan jini. Abin mamaki, narkar da wannan abinci shi ne yake tayar da dafin artemeter da danginsa. Ƙwayar da ta rage ci takan daɗe tana jure magani.

An ga alamun irin wannan juriya a Ruwanda a 2020, a Yuganda a 2021, ta hanyar sauyin wani furotin abokin aikin UBP1, Kelch13. Rabin magani kuwa hanya yake buɗe wa masu juriya, ga shi a kasuwannin ƙauye mai tebur yana ɓalle ƙwaya biyu daga kati ya miƙa wa uwar da kuɗinta bai kai ba.