Isnadin Masana Halayyar Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa buɗe mujallar masana ilmin halayyar ɗan Adam, ko ya duba kundin da ɗalibin jami'a ya rubuta domin neman digiri a wannan fanni, lalle zai ga sunayen mutane da shekaru a cikin baka biyu suna biye da jimloli, sa'an nan a ƙarshe ya tarar da dogon jerin littattafai da maƙalu, wanda malaman jami'a suke kira manazarta. Galibin masu karatu sukan tsallake waɗannan shafuka, suna ɗaukarsu ƙawa ce ta 'yan boko, alhali kuwa a nan amanar marubucin take, domin su ne suke bayyana wanda ya faɗi magana, da shekarar da ya faɗe ta, da inda za a same ta idan ana son tabbatarwa. Mu da muka tashi muka tarar malaman Hadisi ba su karɓar matani sai sun binciki isnadinsa, ba mu bukatar dogon sharhi kafin mu gane hikimar abin.

Ƙa'idar da ta fi rinjaye a wannan fanni ita ce ta Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wadda aka kafa a 1892, ake taƙaita sunanta da APA. Asalin ƙa'idar wata 'yar maƙala ce mai shafi 7 da ta fito a mujallar Psychological Bulletin a 1929, bayan da editocin mujallu suka zauna shawara saboda kowane marubuci yana aiko da aikinsa bisa tsarin da ya ga dama. A 1952 aka faɗaɗa ta ta zama littafin jagora, aka yi ta bitarsa har zuwa bugu na bakwai, wanda ya fito a 2019 da shafi fiye da 400, kuma da shi ne jami'o'i da yawa a Nijeriya suke hukunta kundayen ɗalibansu a fannin ilmi da na zamantakewa.

Abin da ya fi cancantar a yi tadabburi a kansa shi ne matsayin da aka ba shekara, wadda aka liƙa ta jikin sunan marubuci a tsakiyar magana, ba a jinkirta ta zuwa ƙasan shafi ba kamar yadda masana tarihi suka saba. Dalili kuwa shi ne, wannan ilmi ne na gwaji, kuma hukuncin da gwaji ya bayar jiya yana iya rushewa gobe. A 2015 wani babban ayarin masana ya maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga a manyan mujallu, sai ya zamana kusan kashi 36 cikin 100 ne kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. Saboda haka idan mai karatu ya ga 1956 a gaban suna, nan take ya san cewa wajibi ne ya tambaya ko na baya sun ƙarfafa maganar ko sun raunana ta.

Ga misalin yadda abin yake tafiya. George Miller ya rubuta shahararriyar maƙalarsa a kan yawan abubuwan da mutum yake iya riƙewa a ka a lokaci guda, inda ya ce ba su wuce bakwai ba, da ƙarin biyu ko ragin biyu. Wanda ya kafa hujja da ita zai rubuta (Miller, 1956) a cikin matani, sa'an nan a manazarta ya kawo sunan zuriyar marubucin, da haruffan farko na sauran sunayensa, da shekara, da taken maƙalar, da sunan mujallar, watau Psychological Review, da juzu'i na 63, fitowa ta 2, shafi na 81 zuwa 97. Idan lafazin marubucin ya ɗauko, dole ya faɗi shafin, in kuwa lafazin ya kai kalma 40, sai a ware shi a sakin layi na dabam. Marubuta uku ko fiye ana ambaton na farkonsu ne kawai a matani tare da alamar da ke nufin da wasu, amma a manazarta ana jera sunaye har 20. Maƙalar da take da lambar DOI, wadda ke kai mutum gare ta a intanet ko da an sauya mata mazauni, ana rufe bayaninta da wannan lamba. Sharaɗin da ya ɗaure duka shi ne, duk wanda aka ambata a matani ya bayyana a manazarta, duk wanda yake manazarta kuma a same shi a matani, in ban da irin maganar da aka ji baki da baki, wadda mai karatu ba shi da hanyar komawa gare ta.

To, amma a ganina babban laifi ba a waƙafi ko aya yake ba, yana wurin mutumin da ya jingina magana ga littafin da bai taɓa buɗewa ba, abin da ya yi kama da tadlisi a wurin masu riwaya. Wannan fanni ya ɗanɗana kuɗarsa a kan haka. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner suka buga labarin gwajin da suka yi a Jami'ar Johns Hopkins a kan wani jariri da suka kira Albert, inda suke nuna masa farin ɓera, suna buga ƙarfe da guduma a bayansa, har ya koma tsoron ɓeran. A 1979 Ben Harris ya bi diddigin yadda littattafan koyarwa suka riwaito labarin, ya tarar waɗansu sun mayar da ɓeran zomo, waɗansu sun ƙara abubuwan da ba a gwada yaron da su ba, waɗansu ma sun ce an cire masa tsoron daga baya, alhali an tafi da shi kafin a yi hakan. Dukansu suna ambaton Watson da Rayner, amma da yawa daga juna suke kwafa. Ƙa'idar ta tanadi mafita ga wanda asali ya gagare shi samu, watau ya fito fili ya ce ya ga maganar wane ne a littafin wane, sa'an nan ya sa wanda ya karanta ɗin a manazarta.

Akwai wata mas'ala da ta shafe mu kai tsaye. An gina tsarin ne bisa al'adar Turawa ta sunan zuriya, mu kuwa mutum yakan bi sunansa da na mahaifi, ko na kaka, ko na garinsu, ta yadda malami guda zai sa sunan mahaifinsa a ƙarshe a wannan maƙala, ya sa na gari a waccan, sai ayyukansa su warwatse a jerin manazarta kamar na mutum biyu. Ina roƙon matasan masananmu da kowa ya tsayar da sura ɗaya ta sunansa tun daga maƙalarsa ta farko, malaman da ke duba kundaye kuma su riƙa zaɓen madogara biyu ko uku daga manazartar ɗalibi, su ce ya kawo su a buɗe shafin tare.