Lambobin Banki: Wacce Ake Bayarwa, Wacce Ake Ɓoyewa?

 A shirinmu na yau daga Sakkwato za mu duba lambobin da kuɗinmu ke bi kafin su isa hannun mai su.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, ciniki a Sakkwato ya sauya kama. Daga Babbar Kasuwa zuwa Kara, daga mai albasa a Ramin Kura zuwa mai shayi a bakin titi, magana ɗaya kake ji: "Ba ni akawun ɗinka in yi maka taransifa." Sai dai da yawanmu mun haddace lambar ba tare da sanin yadda take aiki ba, kuma ta wannan ƙofa asara ke shigowa.

Mu fara da lambar asusu. A da kowane banki da tsawon lambarsa, abin da ke sa kuɗi su maƙale tsakanin bankuna. A shekarar 2010 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin bai ɗaya mai suna NUBAN, aka fara aiki da shi a 2011, kowane asusu ya koma lamba 10. Tara na farko su ne lambar asusunka. Ta goman kuwa mai gadi ce: ana samun ta ne ta hanyar lissafi da ya haɗa waɗancan tara da lambar bankin kansa. Shi ya sa sau da yawa idan yatsanka ya kuskure lamba ɗaya, na'ura ke ƙin karɓa.

Manyan bankuna ma kowanne yana da tasa lambar mai alƙalami 3. Ta First Bank 011 ce, ta UBA 033, ta Access 044, ta Zenith 057, ta Jaiz kuwa 301. Lambar banki tamkar sunan unguwa ce, lambar asusu kuma gidan da ke cikinta. Lokacin da ka zaɓi sunan banki a wayarka, wannan lambar ka zaɓa ba tare da ka gan ta ba, daga nan kamfanin NIBSS, wanda aka kafa a 1993 don haɗa bankunan ƙasar nan, ya kai saƙon inda ya dace cikin 'yan daƙiƙoƙi.

To a nan ne ya kamata a saurara da kyau. Lamba 10 ɗin nan ba ta isa ita kaɗai ba, domin lamba iri ɗaya tana iya zama ta mutum biyu a wurare biyu. Manhajoji irin su OPay da PalmPay suna mayar da lambar wayar mutum ta zama lambar asusunsa, a cire sifirin farko kawai. Idan ka rubuta lamba daidai amma ka zaɓi bankin da ba shi ba, kuɗinka na iya faɗawa hannun wanda ba ka taɓa gani ba. Abin da zai cece ka shi ne sunan da ke fitowa kafin ka sa lambar sirri. Karanta shi. Idan karatu na yi maka wuya, ka ce wa mai POS: "Malam, karanta mani sunan in ji." Sunan da bai yi daidai ba, kada a tura ko kwabo.

Ana yawan tambaya ko lambar banki tana bambanta tsakanin asusun ajiya, wato sebin, da asusun hada-hada da 'yan kasuwa ke kira karent. Ba ta bambanta. Idan kana da asusun biyu a banki ɗaya, lambar bankin ɗaya ce, lambobin asusun ne kowanne da tasa. Bambancin yana ga aikinsu. Mai karent ana ba shi littafin ceki, kuma ana cirar ɗan kuɗin kula da asusu a kan abin da ya fitar. Mai sebin kuwa a bankunan da aka saba ana ƙara masa kuɗin ruwa a kan ajiyarsa, dalilin da ya sa mutanenmu da dama suka fi natsuwa da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. A ƙasan takardar ceki za ka ga wata lamba mai alƙalami 9 da ake kira sot kod. Ita ke nuna banki da reshen da aka buɗe asusun, kuma wasu ma'aikatu na neman ta a takardar biyan albashi. Reshenka ne zai ba ka ita.

Sai batun kuɗin waje. Ɗan'uwa a Amurka zai bugo ya ce a turo masa lambar rautin. Wannan tsarinsu ne na can, lamba 9 da ƙungiyar bankunan Amurka ta ƙirƙiro tun 1910. Na Turai zai nemi IBAN, maƙwabtanmu na Ƙonni da Maraɗi a Nijar kuma suna da abin da suke kira RIB. Asusun Najeriya ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da za ka bayar shi ne cikakken sunanka kamar yadda yake a banki, da lambar asusu, da lambar SWIFT ta bankinka mai harafi 8 ko 11. Idan dala ce za a turo banki zuwa banki, je reshenka su rubuta maka sauran bayanan da ake bukata.

Duk waɗannan lambobi ne na karɓar kuɗi, ba laifi a bayar da su. Akwai kuma waɗanda ba a bayarwa ko da wasa: lambar sirrin kati, lambobi 3 da ke bayan kati, da lambar da ake turowa ta saƙon waya don tabbatar da ciniki. BVN ɗinka, wato lambar tantance ka a banki mai alƙalami 11, wadda aka ƙaddamar a 2014, ita ma ba ta kowa ba ce. Tana da amfani babba: da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, da ita hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta gano sauran asusun masu ajiya ta biya su. Amma duk wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa waɗannan lambobi ba, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Idan tsautsayi ya sa ka tura kuɗi inda ba nan ba, kada ka kwana. Garzaya bankinka da shaidar turawa, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai kuka ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Kiranmu ga matasa masu karatu shi ne ku zauna da iyaye da kakanni ku bayyana masu wannan, ku ma masu POS ku riƙa karanta suna da ƙarfi kafin ku tura, domin amana ce a hannunku. Rigakafi ya fi magani. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa masu albarka. Mu kwana lafiya.