Ko Kun Sani? Ruwa Ne Ke Tona Asirin Raunin Ƙwaƙwalwa

Mutum na iya buguwa a ka, a ɗauki hoton kansa da na'urar CT a ga babu jini babu karaya, alhali kuwa siraran jijiyoyin da ke sada sassan ƙwaƙwalwarsa sun tsattsage, har ya wayi gari da mantuwa da nauyin tunani. Dalili shi ne, idan kai ya fizgu da ƙarfi, kamar a haɗarin mota, jijiyoyin nan sukan miƙe fiye da ƙima, musamman a gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu, wadda ke ɗauke da zare wajen miliyan 200. Tun a 1956 likita Sabina Strich ta bayyana wannan illa a Ingila, amma a jikin mamata. A 1994 ne Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wata hikima ta ɗaukar hoto da na'urar MRI mai bin sawun ruwa, domin ruwa a lafiyayyar jijiya tsawonta yake bi, kamar yadda yake bin kwari. Inda ya ɓace hanya ya watsu kuwa, nan likita zai kyautata zaton akwai rauni.